Kada Ki Riƙe Shago a Ka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Lokoja lafiya ke da maigidanki, Ya tsare ku a kan hanya, Ya sauke ku cikin mutanen kirki, Ya raba ku da sharrin ruwa da na wuta da na ɗan Adam. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali daga gidanki zuwa nawa tafiyar keke ɗaya ce. Kin san ke 'yar fari ce. Tun da na haife ki ban taɓa zaunar da ke na dube ki ido da ido na yi doguwar magana ba, haka muka taso muka tarar iyayenmu na yi. To bakina ya kasa, sai na ba hannu. Kwana uku ke nan ina rubutawa kaɗan-kaɗan bayan azahar, idan shago ya yi sauƙi. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Ni allo na yi, bokon da girmana na tsince shi.

Ranar Litinin da kika zo shago, na ji kina gaya wa Maman Joshua, mai taya ni aiki, cewa maigidanki ya samar miki wurin ɗinki a can, kusa da bakin kogi, haya da sauƙi. Ta ce miki, "To ki sayi littafin awo tun daga nan." Sai kika taɓa goshinki kika ce, "Ga littafina nan, irin na Mama." Duk aka yi dariya. Ni ban yi ba. Gabana ne ya faɗi, har na soke yatsana da allura.

Ummi, tela ba kayansa yake riƙewa ba. Duk abin da kike gani a jibge a shagonmu na Trikania, atamfa da leshi da shadda, babu ƙyalle ɗaya da yake namu. Wata lefenta ne, wata tsarabar ɗanta ce, wata shekara guda ta yi tana tari kafin ta saya. Abin da nake tsoro shi ne ranar da wani abu zai auku, kayan mutane suna hannunki a garin da ba ki da kowa, kuma babu wanda ya san kansu sai ke. Ni haka na yi shekara da shekaru, kuma ni na koya miki. Shi ya sa zan faɗa miki inda na yi tuntuɓe, tun da ke ba ki ga komai ba sai yabon da ake yi mini.

Mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai hangen nesa. Yakan ce, "Ki ɗaga kantocin nan sama. Ki bar makulli ɗaya wurin maƙwabta." Ni kuwa sai in ce, "Malam, don Allah daina yi mana mugun fata." A ganina wanda ya shirya wa masifa kiranta yake yi, kuma rashin shiri shi ne tawakkali. Yakan girgiza kai kawai ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Sai bayan ransa na gane cewa kasala ce na sa wa rigar addini. Allah Ya yafe mini. Ke ki dogara ga Allah, amma ki ɗaga kantarki.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma ya ci mana Sallah guda. Da na samu keken ɗinki na lantarki, sai na ga tsohon kekena na ƙafa ya tare wuri, na sayar wa wani mai gyara. Na ba da dutsen guga na gawayi kyauta. Ba a cika wata uku ba taransifomar layinmu ta ƙone ana tsakiyar azumi, ga mai ya yi wuya, janareta ya zama kayan ado. Ni da Maman Joshua muka zauna muna kallon kayan Sallar mutane kamar masu zaman makoki. Daga baya muka riƙa ɗaukar aiki a ka muna zuwa Makera aron keke, mu jira mai shi ya tashi shan ruwa. Yara da yawa sun je idi da tsofaffin kaya a shekarar saboda ni. Keken ƙafar da kike cewa za ki bari don nauyi, ki tafi da shi. Ki ajiye shi da mai a jikinsa da bel ɗinsa sabo, ko da shekara za ta zagayo ba ki taka shi ba.

Na biyu shi ne wanda har yau yake ba ni tsoro in na tuna. Kina ƙarama lokacin, kina wurin kakarki a Zariya.

Wata Laraba ce. Da hantsi ina guga sai aka ɗauke wuta. Na kwantar da dutsen gugar a kan teburi, kan bargon guga, da niyyar in ci gaba in an kawo. Sai aka aiko cewa ƙanwata ta haihu a Unguwar Sanusi. Murna ta ɗebe ni, na sallami Maman Joshua, na rufe shago, na jefa makullai a jaka na haye gada. Ina riƙe da jaririya garin ya rikice. Kin san Kaduna, abu kaɗan ne sai ki ga kowa na gudu, mai tambayar dalili ma a guje yake tambaya. Kafin la'asar an sa dokar hana fita, sojoji sun tare gada, na can ya tsaya can, na nan ya tsaya nan.

Ina alwalar magariba abin ya faɗo mini. Ban zare dutsen guga daga soket ba.

Ummi, shaguna tara ne a jere a layin nan, silin ɗinsu ɗaya. Jikin namu mai sayar da katifa ne. Bayanmu gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, cike da yara, kuma doka ta kulle kowa a ciki. Duk mutanen Kaduna suna addu'a a kawo wuta, ni kaɗai nake roƙon Allah kada a kawo. Na kasa cin abinci. Ƙanwata ta ɗauka rikicin nake tsoro.

Sai washegari layin waya ya shiga, na samu Maman Joshua. Na faɗa mata ina kuka. Ta ce, "Hajiya, makulli fa?"

Na ce, "Yana jakata."

"Duka ukun?"

"Duka."

Ta ce, "Kai, Hajiya! Shekara shida ina share shagon nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mijinta ne ya fita cikin dokar nan da tsani a kafaɗa, ya lallaɓa ta lungu, ya zare fis ɗin wutar shagon daga waje. Da an gan shi ana iya harbinsa a matsayin ɓarawo. Bai kai gida ba aka kawo wuta. Da aka sassauta doka na buɗe shago, na tarar da dutsen a kwance yadda na bar shi, ga leshin amarya a gefensa.

Bari in faɗa miki gaskiyar abin da ya hana ni ba ta makulli, don kada ki ɗauka mantuwa ce. Ina gaya wa kaina cewa ni aka ba amana, bai halatta in miƙa wa wani ba. Amma a ƙarƙashin wannan akwai maganar wasu mata da suka ce mini, "Ki yi aiki da ita, amma kada ki saki jiki, ba addininku ɗaya ba." Ban amsa musu ba, amma maganar ta samu wurin zama a cikina. Matar da mijinta ya sa ransa a kan tsani saboda sakacina. Ranar da na buɗe shagon na ba ta makulli, na nemi gafararta. Ta karɓa ta ce, "Sai da kika kusa gasa mu kamar masara." Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai ciki ba.

Idan kin sauka, kafin ki nemi kwastoma ki nemi maƙwabciya. Ki duba wadda take kwana kusa da shago, mai kamun kai, ko masallaci take zuwa ko coci. Ki yi mata alheri tun babu abin da kike nema. In kin gamsu da ita ki ba ta makulli, ki nuna mata inda ake kashe wuta. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta, kafin ki ce "kash", ki zare komai.

Na uku shi ne babbansu. Kin san rabinsa, don kina makarantar kwana kika dawo kika tarar ana labarin.

Kin san yadda nake aiki. Mace ta kawo yadi, in auna ta, in maimaita awon sau uku a zuciyata kamar yadda muke biya karatu, shi ke nan ya zauna. A makarantar allo in ka haddace sai ka wanke allon, wanda ya bar rubutu ya kwana biyu shi ne daƙiƙi. Da wannan tunanin na shigo sana'a. Ba na rubuta suna, ba na rubuta awo. In kalli atamfa in faɗi mai ita da ranar da ta kawo da irin wuyan da take so. Mata har gwada ni suke yi, ni kuma ina jin daɗi a ɓoye.

Damina ce, hawan jini ya kwantar da ni a asibiti. Kwana na uku aka wuni ana ruwa, kogi ya cika ya tokare kwatoci, ruwa ya dawo da baya ya shigo layinmu da rana tsaka. Maman Joshua ta buɗe shago ruwa na idon sawu, kafin ta gama ya kai cinya. Ita da matan layi suka shimfiɗa zannuwan gado suka riƙa zazzage kantoci a ciki, suna ƙullewa suna kaiwa benen wani Alhaji. Ko ƙyalle bai jiƙe ba, Allah Ya saka musu. Amma ledoji sun yayyage, komai ya cakuɗe, ya zama tsibi guda.

Da ruwa ya janye, hankalin mata ya tashi, kowa ta zo karɓar kayanta. Ita kuma Maman Joshua baiwar Allah ba ta san na wa da na wa ba, don ban taɓa gaya mata ba. Sai ta riƙa cewa kowa ta nuna nata. Aka yi ta tafiya lafiya har aka zo kan wani leshi ruwan zuma. Mata biyu kowa ta ce nata ne, kuma babu maƙaryaciya a ciki, don kowaccensu ta kawo mai kama da shi. Ɗaya 'yar zumuntar matan cocinsu ce, ɗaya wata Hajiya ce daga Tudun Wada, wadda leshin shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya saya mata kafin ya rasu. Maman Joshua ta ba wadda ta fara zuwa, wato 'yar cocinsu.

Kin san abin da ya biyo baya. Magana ta bar kan leshi. Aka ce ta kwashe kayan Musulmi tana raba wa 'yan uwanta. Kafin azahar matasa sun taru a ƙofar benen, na wannan ɓangare da na wancan, waɗanda ko leshin ba su gani ba. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi. Alhajin ya kulle Maman Joshua a ɗakin matarsa don ya kare ta, ya aiko a ɗauko ni ko a wane hali nake.

Da auduga a hannuna inda aka zare ƙarin ruwa aka kawo ni. Aka zaunar da ni a kujera a tsakar gida, aka riƙa ɗago kaya ɗaya bayan ɗaya ina faɗin masu su. Aka karɓo leshin, na duba gefensa na ce na Hajiyar Tudun Wada ne, nata an yanke shi a karkace tun daga kasuwa. Na sa aka tono na ɗayar daga ƙasan tsibi, ga shi nan lafiya lau. Mutane suka yi ta kabbara da tafi. Matasan suka watse kamar ba su ji daɗi ba. Da aka buɗe wa Maman Joshua ta fito, ta ce mini a hankali, "Hajiya, da kin mutu a asibitin nan fa? Da yanzu ni ma ana yi mini wankan gawa."

Ga kuskuren, Ummi. Ba cakuɗewar kayan ba ne. Bayan wannan rana unguwa ta ɗauki labari, wai kan Maman Ummi ya fi kwamfuta. Na ɗauki yabon, na bar darasin. Na ɗaga kantoci, wannan kam na yi. Na sayi littafi, na rubuta shafi biyu, sai na ji kamar ina ƙaryata baiwar da Allah Ya ba ni. Littafin yana nan, Maman Joshua tana zana samfurin hannun riga a ciki.

Don haka ki saurare ni. Duk yadin da ya shigo hannunki, kafin mai shi ta fita, ki rubuta sunanta da lambar wayarta a 'yar takarda ki maƙala da fil a jikin yadin kansa, ba a leda ba. Ki yanki ɗan ƙyalle daga gefe ki liƙa a littafi kusa da awonta. Ki yi rubutun da duk wanda ya shigo zai iya karantawa ba tare da ke ba. Duk Juma'a ki ɗauki hoton shafukan da waya ki tura wa maigidanki, don littafi ma ruwa na cin sa. Kuma wurin nan mai arhar haya, kada ki tambayi mai shagon ko ruwa na zuwa, zai ce bai taɓa gani ba. Ki dubi jikin bango, ruwa yana barin zane. Ki tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin. Inda ta nuna miki, ki sa kantarki sama da nan da kamu biyu. In aka ce ruwa na tafe, kayan mutane za ki fara fitarwa, sannan kan keken ɗinki. In kuwa ya riga ya iso, ki bar komai ki fita. Masu kaya za su yi fushi, za a ba su haƙuri. Ni ba ni da wata Ummin.

Saura abu ɗaya, shi ne na yi ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan. Ban gaya wa kowa ba.

Tun bayan Babbar Sallah kaina ya fara yi mini gardama. Da farko awo ne, in auna mace, kafin ta kai titi kafaɗar ta ɓace, sai in kira ta in ce tef ɗin ne ya goge. Rannan ina karatun asuba na tsaya cik a surar da na haddace tun ban yi wayo ba, sai da na buɗe Alƙur'ani. Likita ya ce jinin ne da gajiya, ya canja magani. Wataƙila haka ne. Amma ni na san yadda abin yake daga ciki, kamar ɗakin da ake zare kayansa ɗaya-ɗaya kina zaune.

Akwai wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, turmi guda, a ƙasan durowar teburin yanka. Wata biyu ke nan ina ɗauko ta ina juyawa idan Maman Joshua ta fita. Na tuna hannun da ya miƙo mini ita, da lalle a yatsun. Na tuna an ce, "Babu gaggawa, Hajiya." Fuskar da sunan sun tafi. Duk macen da ta yi sallama sai gabana ya faɗi, ko ita ce, ko za ta ce ina kayana in tsaya ina kallonta. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in mutu da ita a durowa, a tashe ni da haƙƙin baiwar Allah da ban ma san wa zan nema ba. Kuma ita ɗaya ce yau. A kantocin nan akwai kayan mata sun fi hamsin da babu inda sunansu yake sai wannan kan.

Motarku sai Asabar. Ina roƙonki ki ba ni Alhamis da Juma'a. Na san kina da haɗa kaya da sallamar dangin miji, amma ki zo da sassafe da littattafai biyu, ɗaya nawa ɗaya naki. Za mu sauke komai. Ni in faɗa, ke ki rubuta, Maman Joshua ta maƙala, tun ina iya faɗa. Zan gaya mata gaskiya da bakina kafin ki iso, ta fi kowa haƙƙin sani, don in abin ya lalace a kanta zai fara faɗowa.

Ita kuwa shuɗiyar, kina yawan zuwa shago a makonnin da aka kawo ta. Wataƙila kin ga matar. In kin tuna, ki rubuta sunan ki maƙala kawai, ba sai kin dube ni ba. In ba ki tuna ba, za mu rataye ta a bakin ƙofa, duk wadda ta shigo in ce mata, "Maman Ummi ta manta mai wannan, ko kin san ta?" Na daɗe ina gudun ranar da zan faɗi haka. Na gwada faɗinsa ni kaɗai a shago jiya, ya fita.

Allah Ya yi miki albarka. Ya tsare ki, Ya tsare abin da aka ba ki ajiya, Ya sa ki mayar wa kowa nasa cikakke. Ya kiyaye ku daga ambaliya da gobara da tashin hankali, Ya zaunar da garinmu da garin da za ku lafiya. Ki gaishe da maigidanki. Ki sa ni a addu'a.

Wassalam.

Mahaifiyarki.